Tarihi da Tarihihi a Bakin Masu Jagorar Baƙi: Sharhi a Kan Labarin Badagiri

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe da rarrabe tarihi da tarihihi. Tarihi shi ne labarin abin da ya auku, wanda za a iya kafa masa hujja da rubutu, ko kufai, ko shaidar waɗanda suka gani da idonsu. Tarihihi kuwa labari ne da aka gina a kan wani mutum ko wani wuri na haƙiƙa, amma baki ya yi ta yi masa ƙari da ragi har ya zamana da wuya a bambance aya da tsakuwa. Misalin da aka fi kawowa a aji shi ne na Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura. Sai dai mun saba neman irin wannan labari a bakin tsofaffi da maroƙa da 'yan fada, mun manta da cewa zamani ya haifar da wani sabon mai ba da labari, wato ɗan jagoran da ke zagayawa da baƙi a wuraren tarihi, wanda a rana guda yakan yi magana da mutanen da suka fi ɗaliban malamin jami'a yawa.

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ya gabata na kai iyalina Badagiri, muka yi kwana huɗu muna zagaya garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A cikin kwanakin nan na saurari 'yan jagora biyar, na kuma lura cewa abin da suke faɗi kusan ɗaya ne, kamar dai hadda. Wannan ya sa na ɗauki jawabin nasu a matsayin matani guda wanda ya cancanci a yi masa tarke. Manufar wannan maƙala ita ce a duba zubi da tsarin wannan matani, da dabarun salonsa, da abin da ya tsallake, sannan a ga darasin da ke ciki ga masu koyar da harshe da al'adun Hausa. Da Ingilishi da Buroka aka yi jawaban, saboda haka ma'anarsu na kawo da Hausa.

2.0 Garin da Kewayensa

Badagiri tana yamma da Ikko, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Garin yana bakin wani dogon tafki ne da ya miƙe daga Ikko zuwa Porto-Novo, kuma wani siririn tudun rairayi mai suna Gberefu shi ne ya raba tafkin da teku. Yawancin mutanen garin Egun ne, waɗanda suke kiran kansu Ogu, tare da Yarabawan Awori, kuma sarautar sarkinsu ita ce Akran. Ƙauyukan kewaye na masunta ne da manoman kwakwa da rogo, inda za ka tarar da mata suna bandar kifi ko saƙar tabarma a gindin itatuwa.

Abin da rubuce-rubucen Turawan ciniki suka nuna, kamar yadda masanin tarihi Robin Law ya bi diddigi, shi ne garin ya yi fice a matsayin tashar bayi a ƙarni na 18. Bayan da Dahomey ta ci Allada a 1724, ta kuma ci Wida a 1727, 'yan gudun hijira sun yi ta kwararowa gabas ta cikin tafki. Wani Bature ɗan ƙasar Holan, Hendrik Hertogh, wanda mutanen garin suke tunawa da sunan Huntokonu, ya kafa wurin cinikinsa a nan wajen 1736. Dahomey ta auka wa garin a 1784. 'Yan mishan sun iso a 1842, sannan garin ya shiga hannun Ingila a 1863. Waɗannan su ne turakun da za mu riƙa auna jawabin 'yan jagora da su.

3.0 Zubi da Tsarin Labarin

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne tsarin labarin. Ɗan jagora ba ya bin jerin shekaru, ƙafar baƙo yake bi. Yakan fara da kasuwar Vlekete inda aka ce ana cinikin bayi, ya wuce zuwa ɗakunan ajiye kayan tarihi inda ake nuna mari da sarƙoƙi da ƙarfen da ake ɗaure baki da shi, ya shiga gidan Seriki Abass inda akwai ƙananan ɗakunan tsare bayi, sannan a hau kwalekwale a haye tafki, a taka rairayi a ƙasa har bakin teku, wurin da suke kira Mashigar Tafiya Ba Dawowa. Wato dai an shirya tafiyar ne yadda baƙo zai bi sawun bawa tun daga saye har zuwa jirgi. Idan aka kai bakin teku ɗan jagora yakan yi shiru na ɗan lokaci, ya bar ƙugin igiyar ruwa ya ƙarasa masa zance.

Ta fuskar wasan kwaikwayo wannan tsari ya ƙayatar. Akwai mabuɗi, akwai hauhawa, akwai ƙololuwa, kuma mai kallo shi ne ɗan wasa, domin wasu ma akan rataya musu sarƙa a wuya su ji nauyinta. Na ga dattijuwar da ta zauna a kan rairayi tana hawaye, na kuma ga yaran makaranta da suka shigo da hayaniya suka fita jikinsu a sanyaye. Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin koyar da tarihin cinikin bayi da alli da allo ya san ba ƙaramin aiki ba ne a kai ɗalibi ga wannan hali. Saboda haka duk sukar da za ta biyo baya ba ta soke wannan yabo ba.

4.0 Dabarun Salo

4.1 Kirarin "na farko"

Kalmar da ta fi yawa a bakin 'yan jagora ita ce "na farko". An nuna mana wurin itacen Agia, wanda ya faɗi a 1959, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a 1842. An nuna mana makarantar da aka ce ita ce ta farko a Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1843. Sannan aka kai mu gidan 'yan mishan da aka kammala a 1845, aka ce shi ne bene na farko a Nijeriya. A nan ne 'yata, wadda take aji biyu na sakandare, ta ja mini hannun riga ta ce, "Baba, to Gobarau fa?"

Tambayar yarinyar tana kan hanya. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta girmi wannan gida da ɗaruruwan shekaru. Idan kuma aka ce hasumiya daban, gidan zama daban, to ga shaidar Bature ɗan'uwansu. Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya bayyana gidajen ƙasa masu matakala da ɗakuna a sama, shekara 21 ke nan kafin a gama gidan Badagiri. Harshen ma kansa shaida ne, domin "soro" da "bene" ba kalmomin da suka jira zuwan 'yan mishan ba ne. Haka zancen makaranta yake. Tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), lokacin da Al-Maghili ya sauka Kano, ana karatu da rubutu a ƙasar Hausa, balle Barno. Abin da ya dace a ce shi ne makarantar boko ta farko, da bene na farko irin ginin Turawa da 'yan mishan suka yi a wannan gaɓa. Kalmomi biyu ko uku ne aka yar, amma da yar da su sai ma'anar ta koma cewa ilmi da gini sun shigo ƙasar nan ne ta teku.

A ilmin adabi wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Kambamawa ce irin ta kirari, kuma ba wanda yake zuwa fada ya nemi maroƙi ya kawo hujjar cewa ubangidansa ya fi kowa. Bambancin shi ne mai sauraron kirari ya san kirari yake ji. Yaran da na gani a gidan nan kuwa da littattafai a hannunsu suke, suna rubuta abin da aka faɗa domin amsa tambayar jarrabawa.

4.2 Adadi

Dabara ta biyu ita ce ta adadi. A gidan Seriki Abass an ce mana ɗakuna 40 ne, kowane ɗaki ana zuba bayi 40, kuma wata babbar laima da aka nuna mana an musanya ta da bayi 40. Duk wanda ya saba da adabin baka zai tsaya a nan. Arba'in adadi ne na cika a al'adu da yawa, har da tamu: kwana arba'in na jego, sadakar arba'in, da dakaru arba'in na tatsuniya da hikaya. Idan adadi guda ya maimaita kansa sau uku a labari ɗaya, alama ce ta cewa baki ya goge shi domin sauƙin riƙewa, kuma ya daina zama ƙidaya ya koma ma'anar "masu yawa".

Shekarun ma suna bukatar awo. An ce mana an kafa garin a 1425, kasuwar kuma a 1502, alhali fitowar garin a rubuce-rubucen ciniki ta ƙarni na 18 ce, kamar yadda aka nuna a sama. Wannan bai hana a ce akwai masunta da manoma a wurin tun kafin nan ba, amma ƙayyade shekara ɗaya tak ga abin da ba a rubuta ba aikin tarihihi ne. Haka kuma an ce Seriki Abass ya gina ɗakunan nan a shekarun 1840, bayan ya yi zaman bauta a Birazil ya komo, kuma an san ya rasu a 1919. Idan aka haɗa waɗannan biyu, sai ya zamana ya yi kusan shekara 100 a duniya, kuma kasuwar da ya gina wa ɗakunan ta kusa rufewa, tun da Birazil ta hana shigo da bayi a 1850, Ingila kuma ta yi wa Ikko ruwan wuta a 1851. Ba abu ne da ba zai yiwu ba, amma tambaya ce da ta kamata mai ba da labari ya san da ita.

4.3 Rijiyar mantuwa

A tsakiyar hanyar Gberefu akwai wata rijiya da aka ce ana tilasta wa bayi shan ruwanta, wai an yi mata asiri yadda duk wanda ya sha zai manta da garinsu da danginsa. Wannan shi ne wurin da tarihihi ya fi fitowa fili, kuma yana da 'yan'uwa. A Wida akwai itacen mantuwa da aka ce bayi suna kewayawa, akwai kuma ƙofar tafiya ba dawowa da aka gina a 1995, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a garin. A tsibirin Gore na Senegal ma akwai irin wannan ƙofa, wadda masana tarihi suka yi ta jayayya a kan yawan bayin da suka bi ta cikinta. Ke nan jigon mantuwa da jigon ƙofa sun zama kayan gini da tashoshin wannan gaɓa suke tarayya a kansu, kamar yadda jigon baƙo mai kashe macijiya ya bazu a tarihihin garuruwa da dama.

Abin lura shi ne hujjojin tarihi sun saɓa wa rijiyar. Bayin da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil ba su manta ba. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka tona a 1807, suna kuma cikin na 1809 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya zauna da bayi Hausawa suka lissafa masa garuruwansu da zangon da suka bi, ya buga abin da suka faɗa a 1851. Ita ma "ba dawowa" labarin da kansa ya warware ta, domin Seriki Abass da aka fito daga gidansa an ce dawowa ya yi, kuma zuriyar waɗanda suka komo daga Birazil, wato Aguda, suna nan a Ikko da Porto-Novo da Wida. A ganina rijiyar tana yi wa waɗanda aka bari a gida bayani ne, tana ba su dalilin da ya sa ba a sake jin ɗuriyar 'yan'uwansu ba. Ta wannan fuska tana da ƙima. Amma idan aka ba da ita a matsayin tarihi, an zalunci bawa sau biyu: an sayar da shi, an kuma ce bai riƙe sunan garinsu ba.

5.0 Abin da Labarin Ya Tsallake

Matani yakan bayyana kansa da abin da ya yi shiru a kai. A cikin jawabai biyar ɗin nan bawa ba shi da suna, ba shi da gari, ba shi da harshe. An ce dai "daga cikin ƙasa" ake kawo su. Amma an san cewa yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo, sun tura ɗimbin kamammu, har da Hausawa da Nufawa da Barebari, zuwa tashoshin Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko.

Bugu da ƙari, garin yana da alaƙa da ƙasar Hausa wadda take a rubuce. Daga Badagiri Clapperton, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdullahi, ya kama hanya a watan Disamba na 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ya rasu a watan Afrilu na 1827. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa suka kira William Pascoe. An taɓa sayar da shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya kuma sake taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. Ga mutum mai suna da gari da harshe, wanda ya tafi ya dawo, amma ban ji an ambace shi ko sau ɗaya ba. Richard Lander da ƙanensa John, da suka sauka garin a watan Maris na 1830, sun ba da labarin malamai Hausawa da suka tarar, da sallar Idi da aka yi a bayan gari, shekara 12 kafin wa'azin gindin Agia. Ita kanta kalmar "Seriki" da ake ta maimaitawa, "sarki" ce ta Hausa da Yarabanci ya ara. Mai nazarin harshe ba zai ƙi tambayar yadda aka yi sarautar shugaban Musulmin wani gari na bakin teku ta ɗauki sunan Hausa ba.

Abu na biyu da aka tsallake shi ne karkarar kanta. Kwana biyu muka yi muna yawo a ƙauyukan bakin tafki. Mun ga gonakin kwakwa, mun ji labarin tsibirin Topo inda 'yan mishan Katolika suka kafa babbar gonar kwakwa tun 1876, mun ga rumfar Zangbeto, dodon da ke gadin gari da dare, an kuma nuna mana manyan gangunan Sato. Duk wannan rayuwa ba ta da gurbi a cikin jawabin, sai dai a hange ta daga kwalekwale. Matanin ya tsayar da agogon garin a ƙarni na 19, ya mai da masuncin da ke gyaran komarsa a yau kamar adon bango.

6.0 Waiwaye

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen Badagiri, duk da kambamawar da ke cikin labarinsu, sun yarda su nuna wa baƙo sarƙar da kakanninsu suka ɗaure mutane da ita, wasu ma zuriyar masu cinikin ne suke riƙe da makullin ɗakunan. Mu fa? Harshenmu cike yake da kalmomin wannan al'amari: bawa, baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane, rinji, murgu, fansa. An sayar da bayi a kasuwar Kurmi. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, a kan wannan jigo aka gina shi, kuma Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rinjin gidansu da harin masu kamun bayi. Duk da haka, baƙon da aka zagaya da shi ganuwa da fada da marina da wuya ya ji an ambaci wanda ya yi aikin ɗaukar ƙasar. Namu matanin ma yana da tasa rijiyar mantuwa, sai dai mu ne muke shan ruwan.

Haka kuma ba mu kuɓuta daga kirarin "na farko" da shekarun da aka ƙayyade ba bisa hujja ba. Duk wanda ya tsaya a bakin Kusugu ya ji yadda ake ba da labarin Bayajida kamar jiya aka yi, ya san ɗan jagoran Badagiri yana da 'yan'uwa a gida.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa jawabin 'yan jagoran Badagiri matani ne na adabin baka mai tsari da salo, wanda ƙarfinsa yake cikin yadda yake sa baƙo ya bi sawun bawa da ƙafarsa, rauninsa kuma yake cikin kambamawa, da adadin da baki ya goge, da shirun da ya yi a kan ko su wane ne bayin. Laifin ba na ɗan jagora ba ne shi kaɗai. Abin da ya gada yake faɗi, kuma da shi yake ci da iyalinsa, mu kuwa da muka karanta Clapperton da Lander da Castelnau mun bar abin da muka sani a ɗakunan karatu da harsunan da ba su kai gare shi ba.

Shawarata ga sassan koyar da Hausa guda biyu ce. Ta farko, a tura ɗaliban babban digiri su ɗauki jawaban masu jagorar baƙi a Daura da Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, a rubuta su yadda aka faɗe su, a yi musu nazari kamar yadda ake yi wa tatsuniya da waƙar fada, domin a ga abin da suke ƙarawa da abin da suke tsallakewa. Ta biyu, malamin da zai kai ɗalibai irin waɗannan wurare ya shirya su tun daga aji, ya koya musu su saurara da ladabi, su rubuta abin da suka ji, sannan su tambayi kowace magana hujjarta. Yarinyar da ta tuna da Gobarau a gaban benen Badagiri ta yi rabin wannan aiki. Sauran rabin shi ne ranar da za ta tsaya a gindin Gobarau ɗin, a faɗa mata shekarar da aka gina ta, ta kuma tambaya ta yaya aka sani.